Yayana da Gurbin Sunan Miji

Yayana ya rasu a daminar da ta biyo bayan sake buɗe iyaka, gero ya fid da kai amma ba a kai ga yanka ba. Abin da nake son faɗa a kansa ya girmi wannan damina. Ya faro ne a shekarar da aka yanke mana sabis ɗin waya a Jibiya, bayan kullen korona, kafin canjin kuɗin nan da ya tara jama'a a bakin banki. Ni ban yi boko ba, ba na riƙe shekara da lamba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma abin da ya riga wani zuwa, babu mai gyara mini shi a garin nan.

Ranar sadakar uku na kasa zama wuri ɗaya. An shimfiɗa mini tabarma kusa da matarsa, in zauna, in tashi, in je bakin zaure in dawo. Direbobin kamiyo sun tsallako daga Maraɗi sun cika ƙofar gida. Wata mata daga Bugaje ta shigo ta faɗi gaban matarsa tana kuka, da aka tambaye ta ta wane ɓangare take dangi, sai ta ce ita ko fuskarsa ba ta taɓa gani ba. Wani dattijo Kirista daga ƙauyukan Riko ya zo da zakara a hammata, ya zauna gefen masu addu'a, bai tashi ba sai da aka shafa. A zaure kuwa musu ake yi ƙasa-ƙasa. Wannan ya ce malamin lissafi ne, wancan ya ce a'a, mai cika wa mutane fom ne a kan iyaka, wani ya ce injiniya ne, takarda ce kawai bai samu ba. Duk na ƙyale su. Sai da na ji wani mai babbar murya ya ce marigayi bai taɓa kuskure a aikinsa ba, sannan raina ya ɓaci. Ya yi kuskure, babba ma, kuma a kaina ya faɗo. In aka share wannan an share mutumin, an bar mini wani da ban sani ba.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne ɗan fari, ni ce auta. Shi aka kai makaranta, ni aka koya wa koko da ƙosai, kuma da su na yi suna a bakin tasha, ku tambayi kowa. Ya koyar da lissafi har ya yi ritaya, sannan ya buɗe ɗan shago a Magama, dab da shingen iyaka, yana cika wa direbobi da 'yan kasuwa takardun kwastan da na duwan, wato kwastan ɗin Nijar. Da tafireta ya fara. Da kwamfuta ta zo, sa'o'insa suka ce su kam sun tsufa, shi ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare ya hau koyo. Bai tsaya ga buga takarda ba, sai da ya iya rubuta wa na'urar umarni da kansa, abin da suke kira manhaja. Mutum ne da ba ya zama. Yana magana yana kaɗa ƙafa, yana tauna goro yana zagaya tebur. “Bakin Tasha” yake ce mini, wai don ba a taɓa ganin na rufe ba. Ni kuma in ce masa Sarkin Tambaya, domin ko gaishe shi ka yi sai ya tambaye ka daga ina, zuwa ina.

Ɗiyata ta fari tana aure a wani ƙauye na yankin Gangara. A shekarar da na faɗa muku, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da hantsi, mutane suka watse. Wasu suka iso Jibiya da ƙafa, wasu suka yi arewa suka tsallaka Nijar ta daji. Ita ba ta cikin waɗanda suka iso. Waya ba ta shiga, ba wanda za ka kira. Na ajiye ludayi. Kullum ina hanya, daga tasha zuwa shinge, daga shinge zuwa makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira, ina leƙa fuskar duk mace mai goyo. Wani ya ce ya hango ta da yara, wani ya ce bai gan ta ba, wani ya sunkuyar da kai ya ce mijin dai kada in sa rai.

Shagon Yaya yana kama sabis ɗin Nijar, rezo kamar yadda mutanen can ke cewa. Jama'a suka riƙa cika wurin, kowa da sunan da yake nema, shi kuma yana ta kaɗa ƙafa yana kallonsu. Ya ɓace mana 'yan kwanaki, abinci ma a kan tebur ake ajiye masa ya huce. Rannan na shiga sai ya ce, “Zo ki gani, Bakin Tasha. Wannan shafi ne. Duk mai waya, nan ko can, zai iya buɗe shi ya cika wa wanda ba shi da ita. Ga gurabe: suna, ƙauye, sunan miji ko na uba, wa ake nema, ina ake yanzu. In an cika sai a danna nan.”

Na ce, “In an danna ina yake zuwa?”

“Wurin manhajata. A igiya ɗaya yake zuwa, kamar yadda kike ƙulla kayan miya a zane ɗaya, barkono ƙulli, daddawa ƙulli. Ita ke kwance ƙullin, ta zuba suna a mazubin suna, ƙauye a mazubin ƙauye. Ta duba ko an bar wani gurbi ba komai. In an bari, ta mayar ta ce a cika. In ya cika ta adana, ta amsa wa mutum: An karɓa.”

Wannan amsa ya fi ji da ita a duk aikin. Cewa yake mutumin da ya rasa gida bai kamata ya danna abu ya ji shiru ba.

Ya ce in zauna a cika nawa. Ga layi a bayana har waje. Ya gyara tabarau kamar bai taɓa gani na ba, ya ce, “Sunan wadda ake nema?”

Na ce, “Ka sani.”

“Ni na sani, na'ura ba ta sani ba.”

“To ka gaya mata. Kai ka riƙe ragon ranar suna.”

“Sunan mijinta?”

“Yaya, a gaban mutane kake son in kira sunan ɗiyar fari da na suruki? Ka tsufa ba ka yi hankali ba.”

Matan layi suka fashe da dariya, rabonsu da ita an jima. Shi ma ya yi dariya ya rubuta sunayen da hannunsa. Allon ya ce an karɓa.

Ba a jima ba wata damuwa ta ɓullo. Rezo ɗin daji ba shi da ƙarfi, mutum ya danna ya ga shiru, ya sake dannawa, ya sake. Saƙo ɗaya sai ya shigo tuli guda. Yaya ya yi ta mita wai sun cika masa rumbu da ƙaiƙayi. Sai ya ƙara wa manhajar umarni: in suna da ƙauye da sunan miji suka zo daidai da wanda ke ajiye, to maimaici ne, ta zubar da shi, amma ta ce wa mutum an karɓa don hankalinsa ya kwanta. Ranar da ya gama har goro ya raba, yana yabon kansa.

Kuma abin ya yi aiki, ba zan rage masa ba. Kullum da safe zai jera masu nema da waɗanda ake nema, in biyu suka haɗu ya aika direba ko ya kira lambar da aka bari. Dattijon nan na Riko ta nan ya samu 'ya'yansa maza. Matar Bugaje ta nan ta samu uwarta makauniya. Ana ta guɗa a bakin shago, ni ina tsaye a gefe. Wata ya fito, ya mutu, wani ya fito. Kowa ana samun nasa, tawa shiru.

Nan muka yi faɗan da ba mu taɓa irinsa ba tun muna yara. Na shiga shagon da azahar na ce, “Bare kake haɗawa, jininka ka bar shi a daji.”

Ya ce, “Ba ni ke tura mutum ciki ba. Sai ta cika, ko a cika mata.”

“Ɗiyata ba wawiya ba ce. In tana da rai ta cika.”

Da na faɗi haka, duk muka ji ɗaya ɓangaren maganar. Na fita ban yi sallama ba. Furar da nake aika masa kullum tun rasuwar Inna na tsayar da ita. Matarsa ta zo biko, na ce ta koma ta dama masa da kwamfuta.

Amma ƙafata ba ta daina kai ni Magama ba. In tsaya a inuwar shagon da ke kallon nasa, in yi kamar mota nake jira. Ina nan tsaye wata Lahadi, ranar kasuwa, sai ga wata mata ta ratsa layi da goyo a baya, tana huci. 'Yar ƙauyen da ɗiyata ke aure ce, na san ta. Na bi bayanta.

Ta ce, “Kai ne tsohon mai waya? An cika mini abinka tun muna sabon zuwa, ya ce an karɓa. Na zauna ina jira kamar tunkiya. Yau na tsallako sayen gishiri, na ga maigidana a bakin kasuwa yana dako. Ya ce kullum sai ya zo nan, kana ce masa ba sunana.”

Yaya ya duba, ya sake dubawa. Ba ta ciki. Ya ce, “Me aka rubuta a gurbin suna?”

“Ladi.”

“A gurbin miji fa?”

Ta kalle shi kamar ya zage ta. “Mai wayar ya ce in ba a cika ba ba ya wucewa, gurbin sai ya koma ja. Na ce ya sa Maigida.”

Ya nemo Ladi ta wannan ƙauye matar Maigida. Akwai ta, guda ɗaya. Ya karanta inda take zaune da wanda take nema. Matar ta ce, “Wannan ai Ladi ta gidan maƙera ce. Mu Ladi a ƙauyenmu mun fi a ƙirga da hannu ɗaya.”

Ban taɓa ganin ƙafar Yaya ta tsaya cik ba sai ranar. Ya cire hula ya ajiye a kan tebur. Ya gangaro da jerin sunayen a hankali, yana karantawa a fili: Talatu matar Maigida, Laraba matar Malam, Jummai matar Maigida. Kowane ƙauye guda ɗaya, guda ɗaya. Duk wadda ta zo ta biyu da sunan rana iri ɗaya, manhajar ta ɗauka yatsa ne ya maimaita, ta zubar da ita, ta kuma ce mata an karɓa. Ga shi bai ajiye abin da aka zubar a ko'ina ba.

Ya ce, ba da kowa yake ba, “Ni ɗan fari ne. Inna ta haife ni ta rene ni ta mutu ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kiran na Baba ba. A ɗakinta na girma. Sannan na zauna na tilasta wa mata gurbin sunan miji.”

Ni abin da ke kaina daban. Ɗiyar tawa ran Lahadi na haife ta, kuma da sunan ranar dangin mijinta ke kiranta. Na ce, “Yaya.” Ya ɗago ya ce, “Na sani.” Ban tausaya masa ba a lokacin, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ce, “To tashi.”

Bai bar shagon ba sai da ya warware abin da ya ƙulla. Ya hana manhajar zubar da kowane saƙo. Ya ce a injin niƙa ma ƙwarya duk kama ɗaya ce, da ƙyallen da mace ta ɗaura ake gane tata. Don haka duk wanda ya buɗe shafin, manhajar za ta ɗaura masa wata lamba a ɓoye wadda ba ta ba kowa irinta ba. In saƙo ya zo sau da yawa da lamba ɗaya, yatsa ne. In lambar daban ce, mutum ne daban, ko da suna da ƙauye da miji duk sun zo ɗaya. Gurbin miji ya sake shi, mai so ya cika, mai kunya ya wuce. Ya ƙara wani babban gurbi a ƙasa, ya rubuta a kansa: Faɗi abin da naka za su gane ka da shi. Amsar ma ya canza ta. Yanzu sai ta karanto wa mutum abin da ta adana, sannan ta ce an karɓa.

Sai dai gyaran bai dawo da waɗanda aka zubar ba. Suna can zaune da amsar da aka ba su, ba su da dalilin sake cikawa. 'Ya'yansa suka ce a aika saƙo ta direbobi. Ya ce direba ba ya shiga inda mata ke daka. Tsoho mai ciwon gwiwa, ya rataya kwamfutarsa a jaka ya hau bayan babur ya tsallaka. Mai babur ɗin, maƙwabcinmu ne, shi ya ba ni labarin shingen farko. Wani jandarma ya tare su ya ce, “Baba, ina za ka da wanga kaya? Mi kake biɗa?”

Yaya ya ce, “Mata.”

“A shekarunka? Guda nawa?”

“Duk mai suna Ladi. In akwai Talatu da Laraba, su ma ina so.”

Jandarman ya yi dariya har ya dafa babur. Da Yaya ya warware masa zancen, dariyar ta tsaya, ya kwatanta musu ƙauyukan da baƙi suka sauka.

Haka ya riƙa yi, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Bakin rijiya, gindin turmi, ƙofar asibitin ƙauye. Ya tsaya ya cire hula ya ce, “Ni ne mai abin da ya ce muku an karɓa. Ba a karɓa ba. Laifina ne, ku sake.” Wasu suka zage shi, ya tsaya suka gama. Ni kuma na koma aika fura, amma ban ce na huce ba.

Wata safiya ina shara sai ga shi a ƙofar gidana, ko sallamar kirki bai yi ba, jaka a kafaɗa. Ya ce, “Bakin Tasha, ajiye tsintsiya. Wani saƙo ya shigo daga wani ƙauye bayan Ɗan Isa, mai shagon magani ne ya cika mata. Ban je can ba tukuna, labarin gyaran ne ya riga ni.” Ya buɗe ya karanta mini babban gurbin nan: “Uwata mai koko ce a bakin tashar Jibiya. Ba ta kiran sunana, ke wannan take ce mini. Ina takaba, ƙafata ta kumbura, yara uku suna tare da ni. Wannan ne karo na biyu.”

Na zauna a kan turmi. Ya ce, “Ki yi kukan mana, ba kowa.” Na ce, “Nemo mota.”

Tare muka je. A hanya ya yi ta kaɗa ƙafa har direba ya ce zai huda masa mota. Mun same ta a wata rumfar kara a bayan gidan mutanen kirki da suka sauke ta, ta rame, ƙafar an naɗe da tsumma. Mijin a gabanta aka harbe shi. Ta ce tun makon farko aka cika mata, da ta ji an ce an karɓa sai ta zauna takabarta tana jiran kawunta ya zo. Da shiru ya yi yawa, ta ɗauka Jibiya ma an shiga, ba wanda ya rage. Ta ja jiki ta durƙusa gabana. Ni na kau da kai, na ɗauki ƙaramin yaron na ce, “Kai, wa ya bar ka da wannan majina?” Yaya ne ya durƙusa a gabanta da gwiwarsa mai ciwo, ya kira ta da cikakken sunanta, ya ce, “Ni na zubar da ke. Ki yafe mini.” Ta ce, “Kawu, tashi, mutane na kallo.” Bai tashi ba sai da ta furta.

Tun daga nan har ya kwanta ciwon ajali, abu ɗaya ne ke hana shi sukuni. Bai san adadin waɗanda aka zubar ba, kuma ba hanyar sani. Waɗanda suka sake cikawa ya san su. Waɗanda suka ƙara gaba zuwa wani gari, ko suka gaji da jira, ko suka mutu suna jira, su yake tambaya. Ana yaba masa sai ya ce, “Ka san wata Laraba da ba a kira ba?” Ko a asibiti, da na kai masa kunu, cewa ya yi in na ji mace baƙuwa a tasha in tambaye ta ko an taɓa cika mata. Har yau ina tambaya. Allah Ya jiƙansa, Ya karɓe shi karɓa ta gaskiya, Ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba.

Daga mutanen wancan lokaci, mai babur ya riga shi tafiya, hatsari a hanyar Katsina. Uwar matar Bugaje ta rasu a hannun ɗiyarta. Jandarman an ce an mayar da shi gabas, ban san inda yake ba. Matar da ta zo da faɗa tana nan, ita da maigidanta suna sayar da gishiri a kasuwar Lahadi, har yanzu ba ta gaishe ni da sakin fuska. Matar Yaya tana nan tana takaba. Ɗansa na tsakiya yana nan, shi ke buɗe shagon. Ɗiyar nan tana nan da yaranta uku, ƙafar ta warke da ɗan ɗingishi, ɗakinta na kallon nawa, ita ke dama kokon yanzu ni ina zuba ƙosai. Sai ni.